Cikin Ya Yi Fari

Har gobe in aka tambaye ni, cewa zan yi likitan nan yana da nasa kason laifin. Mutum ya yi shekara da shekaru yana karatu, amma a rasa wanda zai koya masa yadda ake yi wa matar da mijinta ke kwance magana? Sai dai in na zauna ni kaɗai na yi wa kaina adalci, nakan yarda cewa bakina ne ya riga kunnena, kamar yadda ya saba.

Maigidana kafinta ne. Shekara talatin da biyu shi da abokin aikinsa Dogo suna shago ɗaya a bakin titi, shi yana awo da yanka, Dogo yana haɗawa da fenti. Ni kuwa Gidan Rediyo yake kirana, wai duk labarin da ya shiga kunnena ba ya kwana sai unguwa ta ji. Ban taɓa musa masa ba. Cewa kawai nake da ba don rediyon ba da ƙuda ma ya gaji da shirun gidan nan ya yi ƙaura, don shi in ya yi kalma goma a yini to ranar ya yi surutu.

A shekarar korona ne ya fara tari da zazzaɓi, ya ce mura ce. Kwana biyar yana ce mini mura ce. Rana ta shida na same shi a bakin gado ya dafa gwiwoyi yana haki kamar wanda ya yi tsere, alhali takalmi kawai ya sunkuya zai ɗauka. Dogo ya samo mota muka kai shi asibiti. A bakin wata ƙofar gilashi aka karɓe shi, wasu mutane a rufe tun daga kai har ƙafa, ba ka ganin komai sai idanu. Suka ce nan ne iyakarmu. Na ce ni fa matarsa ce. Suka ce sun sani, nan ne iyakarmu. Aka rubuta lambar wayata, aka ce kullum da hantsi likita zai kira, ni ma in koma gida in rufe kaina mako biyu.

Mace irina a ce ta zauna a ɗaki ta jira waya! Na share gidan nan har tsintsiya ta gaji. Wayar kuwa ko banɗaki zan shiga tana ɗaure a gefen zanina.

Kwana na huɗu, wajen ƙarfe goma, ta yi ƙara. Muryar saurayi ce, a gajiye, tana fitowa ta cikin takunkumi.

"Mama, jiya mun yi wa Baba hoton ƙirji, na babban injin nan. Gaskiya cikin ya yi fari sosai. Kusan duka ɓangarorin biyu fari ne."

To, jama'a, ku faɗa mini. Ni da na tashi ina jin farin ciki da baƙin ciki, farar zuciya da baƙar zuciya, farin jini da baƙin jini, me kuke so in ji? In ka wanke riga datti ya fita, ba cewa kake ta yi fari ba? Ciki na ji, fari na ji, sauran maganar ban ma tsaya mata ba.

"Alhamdulillahi! Allah ya yi maka albarka, ɗana! Allah ya jiƙan mahaifanka!"

Ya ce, "Mama, abin da nake nufi..." Sai na ji wani abu yana ƙara tin-tin-tin a bayansa, wata mace tana ƙwala masa kira. Ya ce zai sake kira, ya kashe. Bai sake kira ba. Washegari wata murya ce daban, jibi ma wata.

Kafin azahar babu wanda bai ji ba. Na kira Yaya, wato yayar maigidan, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta fashe da kukan murna. Na kira Dogo. Na kira 'yarmu, malamar makaranta ce a wani gari mai nisa, hanya kuma a rufe take a lokacin. Ita kaɗai ta ce, "Umma, kin tabbata haka ya ce? Fari kamar yaya?" Na ce mata fari kamar fari, ko ita ma likitar ce? Na ce karatun nan naku ba abin da ya koya muku sai neman baƙin labari a inda babu shi. Ta ce Allah ya huci zuciyata.

Akwai wata nas mai kirki a ɗakin da yake kwance, ita ce ke kara masa waya a kunne da la'asar na minti biyu. Ranar na cika baki na ce:

"Malam, kana jina? Gidan Rediyo ce. An ɗauki hotonka, likita da bakinsa ya ce cikinka fari ne tas, duka ɓangare biyu. Ciwon ya fita, ƙarfi kawai ya rage ka tara. Kada ka kuskura ka ba ni kunya, na riga na faɗa wa mutane."

Ba na jin komai sai shuuu ɗin iskar da aka ɗaura masa a fuska. Can ya ce, "To." Kalma ɗaya, ita ma sai da ya huta kafin ya ƙarasa ta. Nas ɗin ta karɓi wayar ta ce ya ɗaga mata babban yatsa.

Kullum haka nake yi masa. Likitocin da ke kira da hantsi kuwa maganarsu ɗaya ce: yana nan dai, ana ƙoƙari, a ci gaba da addu'a. Ran da suka ce an ƙara masa iska, na ce madalla, ƙarfi ake ƙara masa. Ran da suka ce sun kifa shi rub-da-ciki don ya fi samun numfashi, na ce ai dama haka yake kwanciya a gida. Duk abin da suka jefo mini sai in wanke shi ya yi fari kafin in miƙa wa jama'a, kuma wallahi ba da niyyar ƙarya ba, haka nake jinsa.

Kwana ashirin da bakwai ya yi. Da aka turo shi a keken marasa lafiya sai da na kalle shi sau biyu, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, hannayen nan masu ɗaga katako su kaɗai sun koma kamar na wani. Aka haɗo mu da injin iska mai doguwar roba da ake saƙala masa a hanci, da wata 'yar tukunyar iska ta ɗauka a hannu don fita. Daga gadonsa zuwa banɗaki taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga, kuma a na shida akwai kujerar da na ajiye masa. In ya zauna a kai yana haki sai in ce, "An iso tasha, masu sauka su sauka." Ya harare ni, ba shi da numfashin ramawa. Na fanshe haushin shirunsa na shekaru a makonnin nan, ba laifi.

Wata rana da yamma ina yanke masa farce, ba tare da na tambaye shi komai ba ya ce:

"Rediyo, maganarki ce ta riƙe ni a wurin nan. Kullum sai an lulluɓe wani an fita da shi. In na ji tsoro ya taso sai in ce, kai, ni fa cikina fari ne, likita ya gani. Sai in ja wani numfashin."

Kaina ya kumbura har ya kusa taɓa silin. Kafin magariba unguwa ta ji cewa ni na ceci mijina da bakina.

Bayan wata uku ya fara yini ba roba a hanci, sai in ya gaji ko zai kwanta. Yana zagaya tsakar gida, yana leƙa ƙofa. Aka ce mu koma a sake hoto. Wannan karon sashen huhu aka tura mu, wurin wata likita mace mai furfura a gaban goshi da tabarau a rataye a wuya. Bayan an yi hoton, wata nas ta maƙala masa ɗan abin awo a yatsa ta tafi da shi baranda, wai zai yi ta kai da kawowa na minti shida a ga yadda iskar jikinsa ke yi. Aka bar ni ni da likita da kwamfutarta.

Ta buɗe hotuna biyu gefe da gefe, tsohon a hagu, sabon a dama. Irin hoton nan ne da ke nuna ƙirjin mutum yanka-yanka. Na hagu duk hazo ne fari, na dama kuwa baƙi ya yi yawa a ciki. Na nuna na dama na ce:

"Likita, ina dalili? Wancan na farkon fari ne tas, likitanku ma ya yi mini albishir. Wannan baƙin daga ina kuma ya ɓullo?"

Ta juyo ta kalle ni, ta cire hannunta daga kan kwamfutar. Ta ce in maimaita mata abin da likitan ya ce. Na maimaita har da yadda na sa masa albarka. Ba ta yi dariya ba, kuma har yau ina ganin girmanta saboda wannan.

"Mama, a irin wannan hoton iska baƙa take fitowa. Huhu mai lafiya cike yake da iska, don haka baƙi ne. Duk inda kika ga fari, wurin da iska ta kasa shiga ne." Ta ɗora yatsa a kan na hagu. "Wannan farin shi ne ciwon. Masu hoto irin wannan da yawa ba su fita daga ɗakin nan da ransu ba. Ba albishir ya kira ya yi miki ba. Kira ya yi ya shirya ki."

Na ji ɗakin ya yi mini zafi, kuma ga fanka tana juyawa. Kwana ashirin da uku ina yi wa mutum shelar abin da ke kashe shi, ina ce masa kada ya ba ni kunya. Kunya ce ta fara kama ni kafin tsoro, gaskiya ke nan, kunyar unguwa da ta 'yarmu.

Likita ta koma kan na dama. Ta ce baƙin da ya dawo shi ne abin godiya, kuma ya dawo da yawa. Sannan ta nuna mini can ƙasa da gefe-gefe, wasu fararen zare-zare a sarƙe kamar bakin tsohon buhu. Ta ce wannan tabo ne. Huhu kamar balan-balan yake, yana buɗewa yana rufewa, wurin da ya yi tabo kuwa ya ƙandare. Ta ce wani yakan ragu a cikin shekara, wani yakan zauna, ba ta da ikon yi mini alkawari. Sai ta tambayi sana'arsa. Da na ce kafinta ne, ta cire tabarau daga wuya ta ajiye a tebur.

"Garin katako, ƙurar goge shi, warin fenti, duk ba nasa ba ne yanzu. Ba na mako ba, ba na wata ba. Abin da ya rage masa yana isarsa ya rayu, amma ba shi da na ɓarnatarwa."

Sai ga shi an dawo da shi, yana haki yana murmushi, wai ya yi zagaye tara. Likita ta fara yi masa bayani a hankali, ta ce hoto ya yi kyau fiye da na baya, amma akwai tabo a huhun. Kafin ta ci gaba ya miƙa mata hannayensa biyu, ya juya su ciki da baya.

"Likita, kafinta ai ba ya rasa tabo. Wannan zarto ne, wannan ƙusa. Tabo ai sai ciwo ya warke yake fitowa. Dama tun ina kwance aka ce cikina fari ne."

Ta buɗe baki za ta yi magana. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na tsoma baki. Na ce likita, Malam ya gaji, kin ga yadda yake haki, mai mota kuma yana jiranmu, sauran bayanin zan yi masa a gida a tsanake. Na yi ta zuba ba numfashi ina tattara jaka. Ta kalle ni ta saman ido, kallon da ya ce na gane ki. Ta ce masa kada ya kusanci ƙura ko kaɗan, ya dawo bayan wata ɗaya, ta sa aka ba mu hotunan a babban ambulan. Ya ce to. Na san irin wannan to ɗin nasa, shi ne wanda yake ce mini in na ce ya rage gishiri.

A mota ya ce ran Litinin zai koma shago. Ranar Laraba ce.

Kwana biyar ke nan a hannuna, kuma ni da ba na iya riƙe labarin haihuwar akuyar maƙwabta, sai ga shi na kasa furta jimla biyu. Da na dube shi sai in tuna da farcen nan da nake yankewa da abin da ya faɗa. Ta ina zan fara? In ce masa igiyar da ya riƙe ya fito daga rami ba a ɗaure take da komai ba? In ce masa shagon da ya gina da hannunsa, wanda tun yana kan keken asibiti yake tambayar ko Dogo yana zuba wa inji mai, ya gama da shi?

Sai na koma dabara. Na jiƙa rigunan aikinsa duka uku na bar su a bokiti, na ce sabulu bai fita ba. Ya ce zai sa tsohuwar riga. Na kira Yaya na faɗa mata komai, ta yi salati ta ce, "Ke dai kin cika abin haushi. Amma tunda an yi an yi, ki bar mini ƙane da farin cikinsa, kada ki karya masa zuciya." Na ce to huhun fa, Yaya? Ta ce Allah na nan. Na kira 'yarmu, ina jiran ta ce ai na faɗa miki. Ba ta ce ba, kuma hakan ya fi ba ni haushi. Cewa ta yi, "Umma, huhunsa ne. In ba za ki iya ba ni zan faɗa masa." Na ce ta kuskura, ni na ɗaura, ni zan kwance.

Ran Asabar na je shago na sami Dogo. Na ce ya taimake ni ya ce wa Malam babu aiki, kasuwa ta mutu, ya ƙara hutawa. Dogo ya ajiye burushin fenti a bakin gwangwani ya goge hannu. Ya saurari labarin duka kansa a ƙasa.

"Matarmu," ya ce, haka yake kirana tun ina amarya, "shekara talatin da biyu ban taɓa ce masa katako ƙafa shida ne alhali biyar ne ba. Ba zan fara da wannan ba. Ni ba zan faɗa masa ba, don ba hurumina ba ne. Amma in ya tambaye ni akwai aiki, akwai aiki."

Na ce masa shi ma dogon banza ne. Ya ce ya ji.

Litinin ta zo ban faɗa ba. Ya yi wanka, ya huta, ya sa tsohuwar riga, ya huta. Ya ƙi mota, wai shagon da ke bayan layi biyu. Na saka 'yar tukunyar iskar a jakar cefane na bi shi a baya, na ce kasuwa za ni. Tafiyar da yakan yi a minti biyar ta ci mana kusan rabin awa. Ya tsaya a gaban mai gyaran waya kamar gaisawa yake, ya tsaya a jikin turken lantarki kamar yana karanta takardar da aka manna. Ban ce masa an iso tasha ba, bakina ya mutu.

Maƙwabtan shago suka taso, mai walda da mai sayar da tayoyi, ana barka da arziki, ana ka ga jarumi. Akwai wata mata a zaune tana jiran kujerunta. Ya shiga ya shafa teburin aikinsa, ya ɗaga wani katako ya kai ido gefensa yana duba miƙewarsa, fuskarsa ta koma irin wadda na sani. Ya ce wa Dogo ya tayar da inji. Dogo ya kalle ni. Na kalli ƙasa. Ya tayar.

Katako ɗaya ya yanka. Gari ya tashi ya cika hasken da ke shigowa ta ƙofa, sai tari ya kama shi. Ba irin tarin da ake yi a wuce ba, irin wanda ke naɗe mutum biyu. Ya dafa tebur, ya zame ya zauna a kan tarin katako, leɓensa ya canja launi ina gani. Dogo ya kashe inji. Na zazzage jakar cefane a ƙasa na saƙala masa roba a hanci. Da ya ɗan samu kansa ya ɗago ya dubi mutanen da suka kewaye shi, ya yi yaƙe ya ce:

"Rashin sabo ne. Gobe zai fi. Ai cikina fari ne."

Nan ne abin ya ƙwace mini. Kwana biyar ina neman lafazi mai laushi da wuri mai sirri, sai ga shi na yi a bakin titi, da ƙarfi, a gaban mai walda da matar da ban ma sani ba.

"Farin me! Farin nan shi ne ciwon, Malam! Baƙin ne lafiya! Likitan nan kira ya yi ya ce mini mutuwa za ka yi, ni kuma da jakancina na yi masa godiya! Tabon nan ba irin na hannunka ba ne, ba ya buɗewa, kuma ƙurar nan kashe ka za ta yi! Ka ji, na faɗa!"

Matar nan ta tashi ta ce za ta dawo anjima. Mai walda ya tuna yana da aiki a wuta. Malam bai kalle ni ba, garin katakon da ke kan takalminsa yake kallo. Can ya ce wa Dogo, ba ni ba, "Samo mota."

A gida ya zauna a kujerar da ke bakin taga, injin iska yana gurnaninsa. Na kawo ruwa bai sha ba. Na yi ta kai da kawowa ina gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Sai bayan azahar ya ce in kawo ambulan ɗin.

Ya zaro sabon hoton ya ɗaga shi ga hasken taga. Ya karkata shi hagu, ya karkata dama, daidai yadda yake yi wa katakon da aka ce masa mai kyau ne bai yarda ba.

"Gungume aka yanka gunduwa-gunduwa," ya ce. "Nuna mini mai kyan."

Na nuna masa baƙin. Na nuna masa zare-zaren da ke ƙasa, na faɗa masa duk abin da likita ta ce, ban wanke komai ba. Ya ɗora babban yatsa da manuni a kan baƙin ya auna, ya kai su kan farin ya gwada. Ya yi haka a gunduwa huɗu ko biyar.

"Ya fi rabi," ya ce. Ya ajiye, ya ɗauko na farkon, mai hazon. Wannan bai auna shi ba, kallonsa kawai ya yi ta yi.

"Akwai wani direba a gadon da ke damana," ya ce, yana tsayawa tsakanin kalmomi yana jan iska. "Likita ya zo ya ce masa hotonsa ya yi fari. Da likitan ya wuce, na ga mutumin yana hawaye. Na zare abin fuskata na ce masa, kai, barka, ka tsira, nawa ma haka aka ce. Na ce matata ta yi magana da likita, fari shi ne an warke. Ya kalle ni ya ce da gaske? Na ce wallahi." Ya huta. "Na rantse masa, Rediyo. Ya yi dariya a cikin abin iskar. Ya ce in an sallame mu shi zai kai ni gida kyauta. Kwana biyu aka lulluɓe shi. Wata huɗu ke nan ina tambayar kaina me ya kashe mutumin da cikinsa fari ne."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na ce, "Malam, ka yafe mini." Na ce, "Na cuce ka ne ko na taimake ka? Ka faɗa mini, don ni na kasa ganewa."

Na so ya ce taimako ne. Wallahi na so. Ya daɗe yana juya hoton a hannunsa.

"Ban sani ba," ya ce. "Da kin gane a ranar, me za ki ce mini a waya?"

"Kuka zan yi maka."

Ya gyaɗa kai, bai ƙara komai a kan wannan ba. Ya mayar da hotunan cikin ambulan ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita bakinsu. Sannan ya ce in kira Dogo ya zo da la'asar, ya taho da littafin awo, akwai teburin cin abinci da ya bari rabi tun kafin ya kwanta, shi kaɗai ya san yadda ƙafafun za su zauna. Ya ce kuma in ciro mukullin shago daga aljihun rigarsa in ajiye a kan tebur. Na ciro na ajiye. Ƙaramin abu ne, amma sai da na fita tsakar gida na tsaya na ɗan lokaci.

Dogo ya zo da la'asar kai tsaye daga shago. Bai shigo ba. Ta taga muna ganinsa a bakin ƙofar gida, ya ajiye littafin a kan dakali, ya cire hula yana bugawa a gwiwa. Ya kakkaɓe kafaɗu, ya kakkaɓe hannayen riga, ya sunkuya ya buɗe naɗin ƙafar wando gari ya zubo. Ya cire takalmi ya buga su da juna. Babu wanda ya ce masa ya yi. Ya gama ya sake farawa daga hula.

Malam yana kallonsa, robar iska a hanci, hannu a kan ƙarfen taga. Ba tare da ya juyo ba ya ce, a hankali:

"Ce masa ya bar kaɗan a jikin rigar. Ƙamshin kawai nake so in ji."

Na ce to. Na fita na cika buta da ruwa, na ɗauki sabulu da tsumma mai tsabta na kai wa Dogo, na ce ya wanke hannu da fuska har gashin gira kafin ya shigo.